Yatsu Biyu na Guduma

Mai walda ne, amma saboda hannunsa aka sa masa Guduma. Yana ɗan shekara ashirin ya karya wa wani direban tanka muƙamuƙi a ƙofar shagonsa, don kawai ya ajiye mota ta tare masa haske, sunan kuwa ya bi shi. Bayan wannan ya fasa wa surukinsa hanci, ya jefa mai kawo masa gas cikin kwata, ya kwana a hannun 'yan sanda sau shida. Yakan ce shi ba ya iya dogon bayani, hannunsa ke yi masa. Daga tsallaken titi mutane ke gaishe shi.

A gida ma ba ta canja zane ba. Ɗakuna biyu ne a hawa na biyu, matarsa kuwa tun daga matakala take gane irin ranar da ya dawo da ita. 'Ya'yansa maza biyu suna fara gemu suka kama gabansu. Auta ce kaɗai, mace, take iya kallon tsakiyar idonsa.

Tana da shekara goma sha shida wata malamarsu ta ba ta tsohuwar jita. Waƙa ɗaya ta iya, ta jirgin ƙasa da ya makara, baiti uku, irin wadda ake fara koya wa kowa. Wata rana da yamma Guduma ya dawo hasken walda ya shigar masa ido, kansa kamar zai tsage, ya ce ta yi shiru.

"Saura baiti ɗaya, Baba," in ji ta.

Ya fizge jitar ta wuya ya sauke mata. Ta tare da hannun hagu. Wuyan hannunta da wuyan jitar suka karye tare, maƙwabta na ƙasa ma sun ji ƙarar. Ƙashin ya haɗe a karkace. Daga asibiti gidan ƙanwar uwarta ta wuce, ta gama karatu a can, ta sami aikin akawu, ta yi aure, shekara goma sha tara ba ta sake taka matakalar nan ba. In ta zo ganin uwarta, a gidan ƙanwar suke haɗuwa.

Sai da ya haura sittin ya ga hoton wata yarinya a wayar matarsa, mai goshi irin nasa sak. Aka ce jikarsa ce, shekararta bakwai. Ya aika matar ta ce wa Auta ta zo. Amsa ta dawo cewa ranar da ya kaɗa mata baitin da ya rage, a jitar nan da ya karya, za ta shigo. Kowa ya san ma'anar wannan har abada ke nan. Guduma bai taɓa gane magana mai lanƙwasa ba, ya ɗauka aiki aka ba shi.

Jitar na nan a saman kabad cikin buhu, matarsa ta ɓoye ta. Ya haɗe wuyan da gam da sandar ƙarfe da kusoshi huɗu, ya saɓa ta zuwa shagon mai aski na kusurwar layin, wani siririn mutum da ya yi kiɗa a otal lokacin ƙuruciyarsa. Mai askin na ganinsa ya fara neman ƙofar baya. Da ya ji abin da ke tafe da shi, ya ɗaga jitar ya ce ta fi ƙofar shagonsa nauyi, amma za ta yi.

Mai askin ya ce kamun yatsu uku ne waƙar, G da C da D. Guduma ya ce shi ba makaranta ya zo ba, ya raɗa musu suna: na gida, na fita, da na dawowa. Aka yanke masa farce. Aka nuna masa babban yatsa a bayan wuya yake zama, sauran su lanƙwashe su sauka da kansu dab da bayan layin ƙarfe. Shi kuwa ya damƙi wuyan kamar ya kama ɓarawo. A makon farko ya tsinka wayoyin jitar biyar.

"Ba ta zage ka ba, yallaɓai," in ji mai aski. "Danna ta kaɗan, da ta yi magana ka tsaya a nan."

Ya ce masa ya riƙa ji kamar akwai ƙwai a tafin hannunsa. Guduma ya koma gida ya ɗauki ƙwai na gaske, sai da ya fasa bakwai a wandonsa matarsa ta kulle sauran. Da aka ce masa sai kan yatsu sun yi kanta zafin zai daina, ya ga bai da lokacin jira, ya dangana su a kan ƙarfe mai zafi a shago. Suka ɗuri ruwa, ya yi mako uku bai taɓa waya ba. Mai aski ya ce shekara talatin yana koya wa mutane, bai taɓa samun ɗalibin da ya gasa kansa ba.

Canjin kamu ne ya fi ba shi wuya. Hannun dama ba ya tsayawa, ƙasa, ƙasa, sama, ko da na hagu bai iso ba. Guduma sai ya tsaya, ya jera yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya zagi jitar, ya ci gaba. Sau biyu ya ɗaga ta zai maka da bango, ya ga kusoshin nan huɗu, ya sauke. Wata takwas kafin jirgin waƙar ya bar tasha ba tare da ya tsaya a hanya ba. Ya aika wa Auta. Ta ce ƙarshen wata mai zuwa.

Saura mako biyar, da safe yana buɗe shago, mutum uku suka sauko daga mota. 'Ya'yan direban tankar nan ne. Uban ya rasu kwana uku da suka wuce, bayan shekara arba'in yana tauna da gefe ɗaya. Babbansu ya zo da sandar ƙarfe.

Da a da ne, ko da shekarunsa, sai an kwashi ɗaya a ƙasa. Amma naushin Guduma na hagu ne, ya kuma san abin da haƙoran mutum ke yi wa yatsu. Ya cusa hannun a hammata ya durƙusa a kansa. Suka tsaga masa gira, suka karya masa haƙarƙari biyu, suka yi ta shurinsa har jini ya bi ƙarƙashin injin walda, bai fito da hannun ba. Wannan ne ya ja hankalinsu. Ƙaramin ya ce wani abu yake ɓoyewa, suka take kafaɗarsa suka zaro hannun, suka ga ba komai. Babban ya shimfiɗa hannun a kan teburin ƙarfe ya ɗauki gudumar shagon.

Likita ya ce ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun tafi. Mai aski ya zo dubiya, Guduma bai amsa gaisuwa ba, ya ɗaga biyun da suka rage ban da babban yatsa ya tambaya ko za su isa. Mai askin ya daɗe yana kallonsu, ya ce akwai kamun yatsa biyu da ake koya wa yara ƙanana, sautin ba ya cika, amma waƙar ce dai. Suka sake daga farko, da bandeji.

Auta ta zo ranar da ta ce, ita kaɗai. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, ta dubi fuskarsa, ta dubi hannun, ba ta tambaya ba. Ya zauna a bakin gado ya fara daga baitin farko, don bai iya shiga daga tsakiya ba. Muryarsa kamar ana jan kwano a siminti. A baiti na uku ɗinkin hannunsa ya buɗe, jini ya gangaro wuyan jitar, ya makara wajen komawa kamun na dawowa, amma hannun dama bai tsaya ba. Ya kai ƙarshe.

"Har yanzu dukanta kake yi, Baba," ta ce.

Ta shigo, taku huɗu. Ta sa karkataccen hannunta ta ture babban yatsansa zuwa bayan wuyan jitar, ta ce a nan yake zama. Ta zauna a kujerar uwarta minti goma, ta sha ruwa, ta tashi. Bai nemi gafara ba, ita ma ba ta yi tayin ta ba. Ya tambaya ko za ta kawo yarinyar, ta ce tukuna.

Har yanzu yana shagon, walda da hannu ɗaya da rabi. Auta kan zo sau ɗaya a wata, ba ta wuce rabin awa. Yarinyar ta taɓa biyo ta sau ɗaya, ta tsaya a matakala tana jin kiɗan, ta ƙi ƙarasowa. Mai aski ya fara masa waƙa ta biyu, ita ma kamu uku ce.