Duwatsun da Cika-Rami Ya Cire

Shekara talatin da uku ya yi yana gyaran hanya. Tun a shekarar farko abokan aikinsa suka laƙaba masa Cika-Rami, sunan ya bi shi har ya danne na gaskiya. Da tura baro da zuba tsakuwa ya fara, ya ƙare yana shugaban lebura takwas. Bai taɓa tuƙa mota ba, ko keke bai iya hawa ba, amma in ya taka hanya sau biyu sai ya nuna maka inda ruwa zai kwanta da damina. Ya ga abin da rami ke yi wa mutane. Da hannunsa ya taya ciro gawa daga mota fiye da sau ɗaya, kuma duk lokacin da ya waiwaya sai ya hango ramin da ya jawo abin, wani ma bai kai faɗin faranti ba.

Da ya yi ritaya matarsa ta ɗauka gidan zai huta. Ina! Tsakar gida sau uku yana daidaita ta. Ƙafar tebur in ta yi rawa, sai an sauke duk abin da ke kai ya cusa mata takarda. Ramin da ke layinsu, da na layin baya, da na gaban shagon mai aski, duk ya bi su da cebur ba wanda ya aike shi. Matarsa ta ce ranar da aka haƙa masa kabari sai ya tashi ya ce gefen hagu bai miƙe ba. Shi ma ya yi dariya, amma bai musa ba.

To irin wannan mutumin ne Allah ya ba Auta.

Auta ba yaro ba ne. Shekararsa ashirin da tara, yana da shagon gyaran keke da babur, da mata da 'ya ɗaya. Sai dai duk Asabar shi da wasu mutum ashirin sukan loda kekunansu a motar kaya, kekuna masu kaurin taya da sifirin gaba da baya, a kai su ƙololuwar dutsen da ke bayan gari, su kifa hular kwano su gangaro. Ba kan kwalta ba, ta wata siririyar hanya da ta ratsa duwatsu da saiwoyin itatuwa. Kuma ba 'yan iska ba ne, abin da ya fi ɗaure wa tsohon kai ke nan. Akwai malamin makaranta a cikinsu, shi ne shugaba, akwai ma'aikacin asibiti, akwai wani tela ɗan firit mai surutun tsiya.

A waya tsohon ya fara ganin abin. Matar Auta ce ta nuna wa uwar mijinta, ita kuma ta kawo masa. Ya kira Auta ya yi masa faɗa na awa guda. Auta ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce to, Baba. Ranar Asabar ya ɗauki kekensa ya tafi.

Asabar ta gaba tsohon ya ɗauki sanda ya hau dutsen da ƙafa, don ya ga abin da idonsa. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali, amma a matsayinsa na ma'aikaci ya fi jin haushi. Ruwa ya zaizaye hanyar, ba magudana ko ɗaya, rassa a zube. Can wajen tsakiya akwai gangare mai tsawon taku arba'in, duwatsu sun fito a cikinsa tsaye-tsaye, masu keken suna kiransa Haƙora. Daga ƙarshen Haƙora hanyar ta karya dama farat ɗaya, hagu kuwa kwazazzabo ne. Wannan ita ce Kwanar Wayyo, kuma bai tambayi dalilin sunan ba.

Tun da ya kasa hana ɗansa, sai ya bi shi, ya ce zai taya su gyaran hanyar. Malamin makarantar ya yi murna, ya ce dama sun rasa wanda ya san kan ruwa. Ya damƙa masa aikin magudanai da share rassa, sannan ya ƙara da cewa: “Baba, komai ka ga dama ka gyara, amma don Allah kada ka taɓa dutse ko ɗaya.” Tsohon ya ce to. Irin “to” ɗin da Auta ke ce masa ne. A ransa yana cewa yaran da aka haifa yana kan aiki ne za su koya masa hanya?

Wata huɗu ya yi da su, kuma gaskiya ya ji daɗinsu. Ya yanka magudanai goma sha shida, hanyar ta daina zama kogi in an yi ruwa. Suna ce masa Baba, suna karɓe masa diga in sun gan shi a hawa. Telan kan zo masa da shayi a fulas, ya zauna ya cika masa kunne da labarin masu kawo ɗinki ranar Alhamis su ce Juma'a za su sa. Har ya iya gane kowannensu da kukan birkinsa tun kafin ya ɓullo. Amma duk sa'ad da Auta ya shigo Haƙora, keken na tsalle yana jijjiga shi har hularsa na kaɗawa, sai tsohon ya ji numfashinsa ya tsaya, ba ya dawowa sai yaron ya sha kwana.

Wata Asabar tayar gaba ta daki wani babban dutse mai baki kamar gatari, keken ya wurgar da Auta. Ya tashi haɓarsa na zubar da jini yana dariya, abokansa na tafa masa. Tsohon ya tsaya yana kallon dutsen.

Laraba da Alhamis ba mai hawa. Ya hau da diga da cebur, ya yini biyu yana aiki shi kaɗai. Duwatsu goma sha ɗaya ya tono, ya mirgina su gefe cikin ciyawa. Ya cike gurabensu da jar ƙasa, ya yayyafa ruwa, ya daddaɓe, ya sake zubawa ya sake daddaɓewa. Bayansa kamar zai tsinke, amma da ya ja baya ya duba, sai ya ji daɗin da rabonsa da shi tun yana bakin aiki. Wurin ya kwanta sumul. Bai gaya wa kowa ba, so yake ya ga fuskar Auta.

Ranar Asabar ya tsaya a gefen kwanar da sabuwar riga. Auta ne kan fara saukowa kullum, amma a ranar sarƙar kekensa ta zame a sama, sai telan ya ce bari ya yi gaba. Tsohon ya ji motsin taya yana tahowa, ya jira ƙarar da ya saba ji, ƙarar ƙarfe da sarƙa na bugun juna da kukan birki. Bai ji ba. Telan ya ɓullo da gudun da tsohon bai taɓa gani a wurin ba, ya shafe taku arba'in ɗin nan kafin ƙiftawar ido. Sai a bakin kwana ya damƙe birki, tayar baya ta ja sabuwar ƙasar ta zame, shi da keken suka wuce ta hagu.

Wata bishiya ce da ta fito a jikin kwazazzabon ta tare shi. Tsohon ya leƙa ya gan shi maƙale yana motsi, sai kuma ya ji wata tayar daga sama. Bai san lokacin da ya ruga ya haura gangaren ba, mutum mai shekara sittin da bakwai, yana ɗaga hannu biyu yana ihun a tsaya. Auta ya ja birki tun daga nesa, ya dire a gabansa, ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya dubi ubansa.

Da igiya aka ciro telan. Hannun dama ya karye a wuyan hannu, haƙarƙari biyu sun tsage. A barandar asibiti masu keken suka tsaya cirko-cirko da ƙura a jikinsu, ana tambayar wane mara imani ne ya yi wannan aiki. Wani ya ce masu kiwo ne, wani ya ce masu ɗibar dutse. Auta ya tsura wa bango ido. Tsohon ya miƙe daga kan benci ya ce shi ne, ya yi ne don kada kowa ya ƙara faɗuwa. Duk suka kawar da kai. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

A hanyar gida Auta ya yi masa bayani a hankali, yana tura keke.

“Baba, ba don ado muka bar su ba. Duk wanda ya hango Haƙora hannunsa da kansa yake kama birki, su kuma su cinye sauran gudun kafin kwana. Da ka share su, ba abin da zai ce wa mutum ya rage. Kuma sabuwar ƙasa ba ta riƙe taya.”

Shekara talatin da uku tsohon ya san abu ɗaya, cewa hanya mai kyau ita ke kai mutum gida, kuma a kan kwalta bai yi kuskure ba. Kunya ta kama shi, da tsoro, don ya san wanda aka share wa wurin da wanda ya kamata ya fara shigowa. Da suka kai ƙofar gida ya riƙe kan keken ya ce: “Auta, ka ga abin da ya faru. Ka bar abin nan. Roƙonka nake yi, ba umarni ba.”

Auta ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, amma ya ce: “Yau ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Ba zan iya bari ba.”

Kwana uku tsohon yana zuwa asibiti kafin ya iya shiga ɗakin. Telan na kwance hannu a naɗe, likita ya ce sai ya yi wata uku bai riƙe almakashi ba, kuma ba a san ko yatsun za su koma yadda suke ba. Tsohon ya tsaya daga bakin gado ya nemi gafara. Telan ya ce ya yafe, ya ce taku arba'in ɗin nan su ne mafi daɗi da ya taɓa yi a rayuwarsa, na arba'in da ɗayan ne dai bai yi ba. Ya so ya yi dariya, haƙarƙarin suka hana shi. Matarsa da ke zaune a gefe ba ta ɗago ta dubi tsohon ba har ya fita, kuma bai ga laifinta ba.

Malamin makarantar ya rufe hanyar, ya ce ranar Lahadi za su taru su mayar da duwatsun da kansu. Da tsohon ya ji haka sai ya kasa zama. Ya san yadda wanda bai iya ba ke dasa dutse: ya tona ɗan rami, ya ɗora, ya tura ƙasa da ƙafa. Ruwa biyu ya isa ya sa shi rawa, kuma dutsen da ke juyawa ƙarƙashin taya ya fi rashinsa haɗari. Ya je makarantar ya jira malamin a bakin ƙofa, ya ce ya san ba shi da bakin magana, amma a bar shi ya yi, a sa masa ido. Malamin ya yarda, ya ce Auta ya tafi da shi.

Kwana huɗu suka yi. Auta ya san mazaunin kowane dutse, wanda ke tura taya dama, wanda ake tsallakewa, wanda ake bi ta kansa. Shi yana nunawa, uban yana dasawa. Ya binne kashi biyu cikin uku na kowanne, ya toshe gindinsa da ƙananan duwatsu, ya daddaɓe har diga ta daina shiga. Da hannunsa yake lalata mafi kyawun aikin da ya taɓa yi, kuma bai yi ha'inci ko a dutse ɗaya ba.

Na ƙarshe shi ne mai bakin gatari. Da suka zura shi a raminsa sai ya zauna ƙasa da yadda yake a da, bakin ya leƙo kaɗan kawai. Auta ya gani, ciwon haɓarsa bai gama bushewa ba. Tsohon ya dubi dutsen, ya juya ya dubi kwanar da bishiyar da reshenta ya karye. Ya sa diga ya ɗago shi, ya cusa masa tsakuwa a ƙasa har bakin ya fito tsawon tafin hannu, kamar da.

Auta ya tura keke ya hau sama don ya gwada. Tsohon ya koma inda ya saba tsayawa. Can ya ji kukan birki, sannan ƙarar sarƙa, sannan ga ɗansa nan duwatsun na dukansa ɗaya bayan ɗaya, suna jefa shi dama da hagu, kafaɗunsa na girgiza. Kowane bugu tsohon ya ji shi a ƙirjinsa, shi ya dasa su. Auta ya iso kwanar da gudun da ya dace, ya kwanta dama, ya ɓace a bayan itatuwa.

Tsohon ya share idonsa da hannun riga. Har yanzu tsoro yake ji, kuma ya san Asabar mai zuwa ma zai ji. Ya hau gangaren yana bin duwatsun ɗaya-ɗaya, yana taka kowanne da dukan nauyinsa, yana jijjigawa. Babu wanda ya motsa.