Anti Halo Ta Ajiye Makulli

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, Anti Halo ta riga ta iso. Ba ta bin babbar ƙofa inda masu jinya ke cincirindo da fulas da tabarmi. Ta baya take shigowa, ta gefen ɗakin wanki, ta gaisa da mai gadi, ta tambaye shi ya ƙafar, sannan ta nufi wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene wanda rabin ma'aikatan wurin suka ɗauka sito ne. Ɗakin ba shi da taga, sanyinsa kuwa kamar cikin firij, don na'urorin da ke ciki ba sa shiri da zafi. A bayan ƙofa akwai wata tsohuwar rigar sanyi da ta huje a gwiwar hannu. Takan zura ta a kan kayanta, ta ajiye jaka, ta tsaya gaban wata doguwar durowar ƙarfe da wayoyi suka fito mata ta ko'ina.

Fitilu take kallo, ƙanana, korra, jere-jere suna ƙyaftawa. Idan duk suna yadda ta san su, sai ta ce "Madalla," ta kunna butar shayi. Idan ɗaya ta mutu, to shayi zai jira. Ta duba lambar da ke manne a wuyan wayar, ta gane ko wane ɗaki ne, ta saɓi jakar kayan aiki ta tafi. Sau da yawa takan gama gyaran kafin masu ɗakin su zo aiki. Shi ya sa har akwai waɗanda suka yi shekaru suna tambayar juna, wai ita matar nan mene ne ainihin aikinta?

A ƙarshen watan jiya wannan baiwar Allah ta yi ritaya, bayan shekara talatin da 'yan kai. Mu abokan aikinta muka ga ya dace a faɗa wa mutane ko wace ce ita tun tana raye, tana iya karantawa ta ce an yi mata ƙari.

Sunan da ake kiranta da shi, tsohon aikinta ne ya bar mata. Tana budurwa aka ɗauke ta mai haɗa waya. A wancan zamanin duk kiran da ya shigo asibitin sai ya bi ta teburinta, ta ce, "Halo, ina za a haɗa ka?" Ta san lambar kowane ɗaki da ka, ta san muryar kowane likita, har ta san wanda idan surukarsa ta kira sai a ce yana tiyata ko da yana kantin abinci. Ana nan sai zamani ya juya. Aka kawo na'urar da ke haɗa kira da kanta, aka fara shigo da kwamfutoci, aka tara masu haɗa waya aka ce su zaɓa: ko ɗakin wanki, ko gida. Lokacin tana goyon autarta.

Ba ta zaɓi ko ɗaya ba. Ta nemi a bar ta ta riƙa bin mutanen kamfanin da aka kawo su ja wayoyin kwamfuta, ko da riƙe musu kaya ne. Suna huda bango tana tambaya, suna matse kan waya tana tambaya. Wata rana ogansu ya sauke guduma ya ce, "Madam, tambayarki ta fi wayar nan tsawo."

Ta ce, "To ka yanko mini amsa daidai tsawon da za ka iya."

Daga nan ya fara koya mata. Ta shiga ajin ƙarshen mako, ita kaɗai ce mace, ita ce kuma babba. Mahaifiyarta ba ta ji daɗi ba, kullum addu'arta Allah ya tsare ta daga shokin lantarki. Mijinta kuwa, direban babbar mota ne da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, shi ne mai riƙe mata littafi yana jefo tambayoyi, jaririya na kan cinyarsa. Yakan ce, "Ni fa wannan kalmar ko sunan magani ne ban sani ba, amma amsarki ba ta yi kama da abin da ke rubuce ba." Jarrabawar farko ta faɗi. Ta yi kukanta a kicin, ta wanke fuska, ta sake zama. Tun ranar da ta ci, maigidan bai ƙara kiranta da wani suna ba sai Injiniya.

Duk wanda ya fara aiki a asibitin ya san zaman da take yi da sababbin ma'aikata. Ba ta kai su aji, ɗakin sanyin take kai su. Ta nuna wani akwati mai bakuna da yawa ta ce, "Wannan suwic ne. Aikina na da yake yi. Duk wayar da ta fito daga ɗakunanku nan take ƙarewa, kuma ya san wa ke kan wane layi." Ta nuna wani a samansa: "Wannan rauta ne, mai gadin ƙofa. Saƙon da zai fita waje ko zai shigo, ta hannunsa yake bi." Sai ta juyo ta dube su. "Kowace na'ura kuma tana da lamba biyu. Ɗaya daga masana'anta ta zo da ita, kamar sunan yanka, ba ta canzawa. Ɗayar mu muke ba ta, ita ce adireshinta, kamar layi da lambar gida. Abin da nake roƙonku guda ne: kada ku jona mini baƙuwar na'ura a bango ba ku gaya mini ba. Gida biyu ba sa ɗaukar lamba ɗaya a layi ɗaya, mai kai saƙo zai rikice."

Sukan yi dariya, su manta. Amma Sista babba, shugabar nas-nas ta ɗakin haihuwa, ba ta manta da wata ranar ba, kuma ita ce ta ba da labarin.

Da hantsi ne, ɗakin ya cika. Wata mata ta haihu lafiya, sai jini ya ɓalle mata. Aka ɗibi jininta aka kai gwaji don a san irin wanda za a ƙara mata. Sakamakon ya kamata ya fito a kwamfutar ɗakin haihuwa, amma shafin ya buɗe ya rufe, ya zo rabi ya tsaya. Ba su kaɗai ba, duk ɗakunan da ke jiran gwaji haka suke. Sista ta ɗauki waya.

"Anti, kwamfutar gwaji ta ƙi! Muna da mai zubar jini!"

Anti Halo ta ce, "Sista, kada ki jira na'ura. Riƙe layin." Ta danna lambar ɗakin gwaji ba tare da ta duba komai ba, ta haɗa su baki da baki, mai gwajin ya karanta sakamakon, Sista ta maimaita masa, aka tura mutum da gudu ya ɗauko jini da takardarsa. Sai da ta ji an ce jini na hanya sannan ta ja kujera ta zauna gaban allonta.

Fitilu duk korra ne, babu wayar da ta tsinke. Wannan ne ya fi damunta, domin lalurar da ba a gani ta fi wahala. Ta aika tambaya cikin layin, wa ke riƙe da adireshin babbar kwamfutar gwaji? Amsa ta dawo daga wuri biyu. Ɗaya lambar masana'antar ta santa, ta kwamfutar ce. Ɗayar baƙuwa ce, kuma farkon lambar ya nuna mata firinta ce. Wato saƙon da aka aika wa ɗakin gwaji, wani ya isa, wani ya faɗa hannun firintar da ba ta san abin da za ta yi da shi ba. Ta tambayi suwic ta wane baki baƙuwar ke magana, ta duba lambar bakin, ta rufe shi daga inda take zaune. Kafin ta miƙe, wayar tebur ta fara ƙara: shafin gwaji ya dawo, ya dawo.

Bakin da ta rufe na ɗakin haihuwar ne kansa. Da ta isa, sai ta tarar da wata tsohuwar firinta a kan benci a bayan teburin nas-nas, ƙura a samanta, Baba Masinja na tsaye a gefe yana murza hularsa. Dattijo ne da ya tsufa yana kai takardu daga ɗaki zuwa ɗaki, saura masa kaɗan ya yi ritaya. Firintar ɗakin ce ta lalace tun safe, ya ga nas-nas na wahalar rubuta komai da hannu, sai ya tuna akwai wata a sito. Ya ɗauko ta a ka, ya jona, yana jiran a yi masa godiya. Bai san ta dawo da tsohon adireshinta ba, wanda tuni aka ba wa kwamfutar gwaji.

Ya ce, "'Yata, ni ne ko? Idan wani abu ya sami yarinyar nan..."

"Baba, jini ya iso, ana ƙara mata. Zauna ka huta. Taimako ka yi niyya. Amma gobe idan za ka taimaka, ka biyo ta wurina mu taimaka tare."

Matar ta rayu. Da rana shugaban asibitin ya kira taro, ransa a ɓace, kuma da gaskiyarsa, don rai aka kusa rasawa. Anti Halo ta yi masa bayani dalla-dalla: tsohuwar firinta, tsohon adireshi, soket ɗin jona waya a bango da aka bari a buɗe. Ya buga tebur ya ce, "Na ji. Wa ya jona ta?"

Ta ce, "Waya, Yallaɓai. Ita ke jona komai a gidan nan."

Ya dube ta, ta dube shi. Can sai ya cire tabarau ya shafa fuska, dariya ta kufce masa. Ita kuwa ba ta yi dariyar ba. Ta ce idan an kori mutum ɗaya yau, soket ɗin na nan a buɗe yana jiran wani mai kyakkyawar niyya gobe. Ta nemi izinin rufe duk bakin da ba a amfani da shi, da goge adireshin duk na'urar da za a kai sito. Ya ba ta. Baba Masinja ya ƙarasa aikinsa da mutuncinsa, kuma har yau idan ya zo karɓar maganin hawan jini sai ya leƙa ƙarƙashin bene.

Ke ce wannan, Anti Halo. Ke ce kika shiga silin da zaninki ɗaure a kan wando kina bin wayar da ɓera ya ci, kika sauko da yanar gizo a ɗankwali, kika gaida likitocin da ke wucewa kamar daga kasuwa kike. Ke ce ba ki taɓa ce wa mai tambaya "ba za ka gane ba." Mai ba da magani ta ce ke kika koya mata duba fitilar bayan kwamfuta kafin ta ɗaga hankalinta. Mai karɓar kati ya ce ya kira ki a guje ana gab da tashi, kika zo kika tarar ƙafarsa ce ta fizge waya, kika mayar, kika ce masa, "Kai da ita ku riƙa ba juna hanya," ba ki kuma ba wa kowa labari ba sai da shi ya bayar da bakinsa. Uwar wayoyi, mai sanyin hali kamar ɗakinta.

Tun shekarar ritayarta ba ta kama ba ta fara shirin tafiya. Mutumin da zai gaje ta, magidanci ne mai digiri da son aiki, ta zagaya da shi kowane lungu, ta nuna masa bangon da ke jiƙewa da damina da soket ɗin da gadon marasa lafiya ke yawan bugewa. Shi ma ya koya mata sababbin dabaru, ta zauna tana saurare kamar 'yar aji ɗaya. Ranar ƙarshe ta miƙa masa makulli, ta kashe kwamfutarta, ta ce, "Ka saki adireshina, wata na'urar za ta buƙace shi." Ya ce a bar shi don tunawa. Ta ce, "A'a. Adireshi na mai aiki ne."

Kwanaki suka shige tana gida. Ta gyara ɗakin girki, ta kai jikoki makaranta, amma wayarta ba ta barin hannunta. Wata safiya maigidan ya ga tana jujjuya ta, tana duba ko a kashe take.

"Injiniya, lafiya?"

"Malam, shiru fa. Ko mutum ɗaya bai kira ya ce wani abu ya tsaya ba."

"To sai me?"

"Kamar ban taɓa zama a wurin ba."

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ni fa a aikinmu, idan ka ba wani mota ya yi tafiya bai kira ka daga hanya ba, to ka kula da motar ne."

Ta ajiye wayar a kan tebur, ta ce ya miƙo mata sukari.

Anti Halo, ga kiran da kike jira, kuma babu abin da ya tsaya. Godiya ce kawai. Mun gode a madadin matan da suka koma gida da jariransu ba su taɓa jin sunanki ba, da ma'aikatan da kika rufa wa asiri, da waɗanda kika koya wa abin da wasu ke ɓoyewa. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki.

Mu kuma da muka rage a bakin aiki, ko ina aikin yake, mu duba abin da ke hannunmu. Wanda ya iya wani abu ya koyar da shi tun ba a roƙe shi ba. Wanda zamani ya ƙwace wa kujera kada ya ji kunyar komawa aji. Kuma mu yi aikin ta yadda ranar da muka miƙa makulli, waɗanda muka bari za su neme mu don gaisuwa, ba don ceto ba.