Babbar riga a gaban injin ƙarfe

Wata rana, ranar Juma'a ce, na ga babban mutum yana neman ƙasa ta tsage ya shige. Ni da nake ɗan kallo ma sai da na rasa inda zan sa idona.

Maƙwabcina ne, Malam Hambali, mai shagon magani. Shi ya ba ni izinin rubuta wannan, kada ku ce na tona masa asiri.

Kowa da abin da yake kashe masa kuɗi. Wani ƙwallo, wani tantabaru. Shi Hambali ƙarfe ne.

Ya sayo wani ɗan injin sassaƙa ƙarfe, irin wanda yake juya ƙarfe da gudu, kai kuma ka matso da wuƙa tana fere shi. Ya fitar da motarsa rana, ya ba injin gareji.

Ya ɗaure shi a tebur da notuna. Da ya ga bai da ƙarfi, ya cire motonsa ya sa babba. Murfin bel ɗin da ke juya injin ya ƙi rufuwa a kan sabon moton, sai ya jingine shi gefe, wai sai ya samu lokaci. Makunnin ma ya maƙala shi can jikin bango, na wucin gadi.

Amma a ba shi haƙƙinsa, yana da doka. Ba ya kunna injin sai ya cire agogo da zobe, ya sa 'yar riga mai gajeren hannu. Ni kaina ya sha koro ni saboda na shigo da jallabiya.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yaba wannan aiki ba: surukinsa, Alhaji Sambo, mahaifin matarsa. Labari ya dawo wa Hambali cewa tsohon ya ce, magidanci guda ya zauna yana wasan yara.

Maganar ta yi masa ciwo.

To a wannan Juma'ar Alhaji Sambo ya zo daga ƙauye, muka je masallaci tare. A hanya Hambali ya lura ƙarfen gindin sandar tsohon ya cinye, tana zamewa a kan siminti.

Sandar kanya ce, baƙa wuluk, hannu ya goge ta har tana sheƙi. Ta Malam ce, mahaifin Alhajin, da ita ya yi huɗuba har ya rasu.

Hambali ya ga dama ta samu. Ya durƙusa ya ce zai fere mata sabon gindi na tagulla, yanzu-yanzu. Tsohon ya ce to, shi ma zai zauna ya ga wannan inji da ake ta faɗa.

Aka kawo masa kujera har cikin garejin.

Nan fa matsalar take. Hambali yana cikin babbar riga, shadda mai sitaci, ta sha aiki a wuya. Na ga ya dubi 'yar rigar aikinsa a jikin ƙusa, ya dubi surukinsa, ya sunkuyar da kai.

Ku da kanku kun sani. Wa zai tuɓe riga a gaban suruki, ya tsaya da damatsa a waje kamar mai dakon siminti?

Sai ya yi abin da dukanmu muke yi idan za mu ci tuwo. Ya tattara hannuwan rigar ya aza a kafaɗa.

Ya kunna.

Da farko abin gwanin sha'awa. Tagulla tana juyawa, ɓawonta yana zuba. Har na ga Alhaji ya gyara zama ya miƙa wuya. Hambali ya ga haka, daɗi ya kama shi, ya ƙara sunkuyawa don ya auna.

Shadda kuwa santsi gare ta.

Hannun rigar ya sulmiyo daga kafaɗa, ƙarfen ya cafke shi.

Ban gama cewa innalillahi ba, injin ya naɗe rigar ya fizgo Hambali, fuskarsa ta kusa haɗuwa da ƙarfen. Yana miƙa ɗayan hannun, makunni yana can bango.

Tsohon nan ne ya miƙe. Ya cusa sandarsa cikin bel ɗin da ba shi da murfi.

Ƙaras!

Bel ya fice, injin ya tsaya. Sandar ta faɗo gida biyu.

Rigar ta yage tun daga wuya, ta tafi da ta ciki. Ga Hambali tsaye daga shi sai singileti, ita ma ta ɓarke, tumbi a waje, hula ta yi nata wuri. Hannunsa ya ƙuje amma yana nan.

Bai dubi ciwon ba. Ya zube ƙasa yana tattara guntayen sandar.

"Baba... sandar Malam..."

"Bar sanda. Kai da aka ce ba ka taɓa injin nan da riga, me ya hana ka cirewa yau?"

"Kunyarka, Baba."

Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa.

"To ga shi na ga abin da kake ɓoye mini, har da ƙari. Malam Hambali, ni damtsenka bai dame ni ba. Da ka mayar mini da 'ya mai jinyar guntun hannu, a nan ne za ka ji kunyata."

Na cire rigata ta sama na yafa masa, na sulale gida.

A ranar, dafa bango Alhaji Sambo ya yi har bakin mota. Hambali yana kallo.

Ya daɗe bai shiga garejin ba. Da ya koma, sai da ya ƙera wa bel murfi, ya dawo da makunni daidai gwiwarsa, kafin ya taɓa komai. Abu na farko da ya fere shi ne wata 'yar tagulla mai rami, ya haɗe guntayen sandar a ciki. Ya yi mata gindin da ya yi alkawari, ya kai ƙauye da kansa.

Yanzu da ita tsohon yake zuwa masallaci. Tagullar tana ƙyalli a tsakiya, kowa ya gani sai ya tambaya.

Amsarsa ɗaya ce: "Aikin surukina ne. Gwani ne."

Bai taɓa ƙara ko kalma a kai ba.

Yabon da Hambali ya daɗe yana nema ke nan. Ya ce mini duk lokacin da aka kawo masa labarin, sai ya ji kamar a ranar ne yake tsaye da yagaggiyar singileti.

Darasi:

Kunya ado ce, amma inji bai san suruki ba. Idan ka san daidai, ka yi shi ko a gaban wa kake. Ka nemi afuwa, ka tuɓe rigar. Ƙaramar kunyar da ka guje wa ita take janyo babbar, kuma sau da yawa wani ne yake asarar abin da ba a sayarwa a kasuwa don ya cece ka.

Idan kana da ɗan'uwa mai aiki gaban inji, ko na markaɗe ne, tura masa wannan tun rigarsa tana jikinsa.