Firigona da rariyar gidanmu

Jama'a, yau an yi wa firigona salatin gawa!

Wallahi na gaji. Na sayo firigo, wato firji, na hannu don sana'ar ƙanƙara, mai amalanke ya ɗauko min daga kasuwar Dogon Dutsi. Muna isa bakin rariyarmu, amalanke ta ƙi shiga. Katanga nan, katanga can!

Sai ga Baba Mamman maƙwabcinmu. Na ce, "Baba, wace irin hanya ce wannan?"

Ya ce, "Ɗiyata, wa ya ce miki hanya ce? Rariya mafitar ruwan sama ce, mutane suka bi sawunsa, sunan ya zauna. Kakanninmu faɗin makara kaɗai suka bari."

Na ce, "Baba, rana na dukan kayana, ba lakkwal na zo ɗaukar darasi ba."

Samari huɗu suka saɓa firigon kwance a kafaɗa, na lulluɓa masa farin zane. Muna shiga, mata suka leƙo, suka ɗauki salati! Wata ta ruga gidanmu. Inna ta fito ba takalmi tana kiran sunan ƙanena, a zatonta gawarsa aka kawo.

Firigo dai ya shiga lafiya. Inna kuwa tana kwance, ta ce kada in kuskura in yi mata magana yau.