Injiniya Mukhtar Da Sandar Da Ke Ja Hagu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye a tashar jirgin ƙasa na metro ta Mansura zan tafi aiki, Alhassan mai gadin ƙofar wurin aikinmu, ɗan Kumasi, ya kira ni. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Nura, Injiniya Mukhtar ya rasu."

Na ce wane Mukhtar? Alhali Mukhtar ɗaya na sani a Doha.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bazazzagi ne, shi ne babba a kaina a inda muke gyaran simuleta. Wani ɗaki ne kamar kan jirgin sama, a ɗore kan dogayen ƙafafun ƙarfe masu motsi, matuƙa na shiga su koyi tuƙi ba tare da sun bar ƙasa ba.

Da na zo ƙasar nan ban san kowa ba. Shi ya shimfiɗa mini katifa a ɗakinsa har na samu wurin kwana. Duk sanda ya dawo hutu daga gida sai ya bi mu da ƙullin yaji da kilishi, har 'yan Ghana da 'yan Sudan ba ya tsallakewa.

In na yi kuskure a aiki bai taɓa yi mini faɗa a gaban mutane ba. Sai mun keɓe ya ce, "Ƙanena, sake dubawa."

Tun watan jiya wata simuleta take ba mu ciwon kai. Sandar tuƙinta ja take yi hagu. Matuƙi ya saki hannu, ta karkace da kanta. Muka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, muka sake saiti, muka sa sabuwar sensa, wato abin da ke gaya wa kwamfuta inda sandar take. Ta daidaita sarai. Bayan 'yan kwanaki ta koma gidan jiya.

Ni na ce ƙila danshi ne. 

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka zauna shan shayin karak, ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ya daɗe yana juya kofi kafin ya ce, "Nura, sandar nan ba lalacewa take yi ba. Taɓa ta ake yi."

Na ce kamar yaya, Yaya?

Ya ce ya ɗiga jan fenti a kan notin da ya ɗaure sabuwar sensar da shi. Da ya koma ya tarar fentin ya fashe, kuma sensar da ke ciki tsohuwa ce, ba wadda muka sa ba.

"To sabuwar ina ta tafi?" in ji ni.

Ya ce, "Shi zan tambaya ranar Lahadi a ofis. Kai dai ka riƙe bakinka tukuna. A kan sandar nan mutane ke koyon ɗaukar rayuka, ba zan sa hannu in ce lafiyarta ƙalau ba."

Yau ce Lahadin.

Jiya Asabar ba ni da aiki. Abin da ake faɗa shi ne wai da rana ya shiga ƙarƙashin na'urar bai kashe wuta ba, ta sauko ta danne shi, aka kai shi asibiti, ya cika da asuba.

Mukhtar ne zai manta kashe wuta?

Mutumin da ko noti zai ɗauko a ƙarƙashinta sai ya kashe suwic, ya datse shi da kwaɗo, ya rataya mukullin a wuyansa. Har tsokanarsa muke yi da mai gadin Aljanna.

Alhassan ya ce da idonsa ya ga kwaɗon a buɗe, an ajiye shi a kan akwatin kayan aiki. Da ya tambayi abin da kyamarar wurin ta ɗauka, aka ce masa ai gyara ake yi mata. Tun yaushe? Ba wanda ya ba shi amsa.

Na san ajali ba ya jinkiri, na kuma san zato zunubi ne. Ban kama sunan kowa ba, don Allah ku ma kada ku kama a ƙasan rubutun nan. Amma tun safe ake ce mana yalla, a yi sauri a binne, khalas, wato shi ke nan. Saurin me ake yi? Anjima za mu je wurin 'yan sanda tare da dattawan al'ummarmu mu roƙi a bincika, kuma abin da ya gaya mini ranar Juma'a zan maimaita shi a gabansu, ko da aikina zai tafi.

Ɗazu na kira matarsa a Zariya. Ba ta tambaye ni komai ba sai abu ɗaya: "Malam Nura, ya sha wahala?"



Ya Allah Ka jiƙan Mukhtar, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka karɓe shi cikin shahidai, Ka raya masa 'ya'yansa. In haɗari ne, Ka ba mu haƙurin ɗauka. In da hannun wani, Kai ne Ka gani, Ka bayyana shi.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ka wuce ba ka yi masa addu'a ba.