Ƙwan Siginar Hagu

A unguwarmu Baba Sigina ake kiran maigidana, kuma shi ya jawo wa kansa. Mutum ne da ko ƙofar gidansa zai shiga, layin ba kowa sai kaji, sai ya kunna sigina. Na sha ce masa, "Malam, kajin ne kake sanar wa?" Sai ya ce ai su ma rai gare su.

Da yaron mota ya fara, yana kwana a kan kaya, har ya kama sitiyari. Ya yi rabin rayuwarsa yana jan bas ɗin ma'aikatan wata masaƙa, bai taɓa goge ko bango ba. Da ya ajiye aiki ya sayi wata tsohuwar mota ruwan toka, yana kai wa matan unguwa kaya kasuwa. Abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, amma yana da dalilin tashi da safe ya sa hula.

Tun ina amarya ya ba ni aiki. Kullum kafin ya fita sai in tsaya a bayan mota, bas ɗin masaƙa a da, tasa daga baya, shi yana ciki.

"Hagu!"

"Yana yi."

"Dama!"

"Yana yi."

"Birki!"

"Ya kama."

Da goyo na yi wannan tsayuwa, da ciki na yi ta, da ludayi a hannu na yi ta. Kwandasta yake kirana, ni kuwa in ce kwandastan da ba a taɓa sallama ba. Ina mita, amma ban taɓa fashi ba.

Bara idonsa ya fara ba shi matsala. Ya zuba shayi a gefen kofi, ya yi karo da bokitin da ke tsakar gida ya ce ni na ajiye a hanya. Likita ya ce jijiyar idon ce take mutuwa, magani sai dai ya rage mata gudu, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce a bar tuƙi. Malam ya fito daga asibitin ya shiga mota ya tuƙo mu gida, ni ina gefe ina ta addu'a.

Babban ɗanmu ya kasa buɗe baki ya ce wa ubansa ya ba da makulli. Ana nan sai wata safiya na tsaya a wurina, Malam ya ce "Hagu!", ban ga komai ba.

"Bai yi ba," na ce.

Shi ma ya riga ya sani, don ƙarar nan ta cikin mota ta koma sauri, tak-tak-tak, kamar agogon da ya haukace. Da labari ya kai wa Babban, sai ya samu ƙofa. Ya kira a waya ya ce, "Baba, kar ka wahalar da kanka. Gobe da hantsi zan zo in kai ta gareji."

Ni na gane, Malam ma ya gane. In motar nan ta fita ƙofa a hannun yaron, ba za ta dawo ba. Yau a ce bakanike ya yi tafiya, gobe a ce ana neman kaya, har maganar ta bi ruwa.

"Don ƙwan fitila ɗaya za a kai ta gareji?" in ji Malam. "Ina raye?"

Da sassafe ya taka da ƙafa zuwa shagon kayan mota ya sayo ƙwan, ɗan ƙarami ruwan goro a cikin kwali. Ya shimfiɗa tsumma a ƙasa, ya jera sifana da sukundireba, ya buɗe but ɗin bayan motar. Na ce in riƙe masa wani abu, ya ce in koma kan tukunyata. Ban koma ba.

Da lalube ya yi aikin duka. Ya ɓamɓare murfin da ke bayan fitilar, yatsunsa suka nemo notocin, ya kwance su ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a aljihu. Ɗaya ya suɓuce ya gangaro gaban takalminsa. Ya duƙa yana shafa ƙasa, notin na nan yana ƙyalli a rana, bai fi taƙi guda da hannunsa ba. Na sa ɗan yatsan ƙafata na turo masa. Da ya taɓa shi ya ce, "Yauwa, na gan shi." Wallahi zuciyata ta yi zafi.

Ya murɗa mazaunin ƙwan ya zaro, ya danna tsohon ya juya shi ya fito, bakinsa ya yi baƙi. Sabon kuwa da hankici ya kama shi, wai maiƙon hannu yana rage masa kwana. Sau biyu yana sa shi a karkace yana ƙi, a na uku ya zauna. Ya mayar da komai, ya share gumi, ya shiga mota.

"Kwandasta! Hagu!"

"Yana yi!" na ce, har da tafi. Ƙarar ma ta dawo daidai, tak, tak, a natse.

Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. "Yanzu sai ya zo ya faɗa mini me zai kai gareji." Ya bar siginar a kunne ya fito, wai zai ga aikinsa da idonsa, abin da bai taɓa yi ba tunda ya ba ni wurin.

Ya zagayo ya tsaya kusa da ni. Fitilar tana ƙyaftawa, ruwan goro tas. Ya duba, ya matsa gaba, ya karkata kai, ya kare rana da tafin hannu.

"Yanzu yana yi?" ya tambaya a hankali.

"Yana yi, Malam."

Ya ƙara matsawa har hancinsa ya kusa taɓa murfin. Ta tagar mota yana jin ƙarar, ya san ba ƙarya nake ba. Ya daɗe a sunkuye kafin ya miƙe.

"Ashe haka nake bin bayan mutane," ya ce.



Da hantsi Babban ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa ya gaida mu. Siginar tana nan a kunne, ba wanda ya tuna ya kashe. Yaron ya kalle ta, ya kalle ni, fuskarsa ta faɗi, don dalilinsa ya ƙare.

Malam ya zaro makullin ya miƙa masa.

"Na gwada, ta ƙi. Kai ta gareji."

"To, Baba," in ji yaron, kansa a ƙasa.

Na buɗe masa ƙofa. Ya fita da motar a hankali, da ya kai bakin layi sai ya kunna siginar hagu, kamar yadda uban ya koya masa. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Yana yi."

"Na sani," in ji Malam. Ya duƙa yana lalube yana tattara kayan aikinsa a cikin tsumma.