Ranar da Na Tausasa Maganar Renzo

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Sabo ya miƙe tsaye ana tsakiyar ciniki saboda ni ba. Ku da kuka zo ofishin nan na ginin Tianxiu daga baya kun tarar ana ce mini babban tafinta. A lokacin ƙaramin ma'aikaci ne ni, wata biyu da dawowata daga Italiya.

Alhaji Sabo, maigidanmu, yana da majema a Kano. Fatar jar akuya yake jemewa, ya kawo wa masu yin jaka da takalma a nan Guangzhou. Manyan masana'antun sukan ɗauko gwanaye daga Italiya su riƙa zaɓar musu fata, kuma in gwanin bai sa hannu ba, babu ciniki. Yawancinsu Turancinsu bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa Alhaji ya tura ni can wata takwas in koyo Italiyanci, ya kuma ce kada a bar ni a ɗakin ɗalibai, a sa ni a gidan mutane. Na zauna wurin wata dattijuwa mai suna Marta da mijinta, tsohon maɗinkin takalmi. Da safe ina aji, da rana ina shagonsa, da yamma muna tebur ɗaya.

Wata Talata bayan ƙaramar salla wani gwani mai suna Renzo ya zo duba samfur. Ƙa'idar ita ce a shimfiɗa fata ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fitila, ya shafa, ya ja, ya nemi yankan wuƙa ko tabo, sannan ya raba ta daraja uku. In ya amince, majemar Alhaji ta sami aikin shekara guda. In ya ƙi, Alhaji ya riga ya faɗa mini sai ya sallami rabin majemansa.

Renzo ya ɗaga fata ta huɗu ya wurgar a tebur. Ya ɗaga murya, hannuwansa na ta yawo a iska. Abin da ya faɗa shi ne wanda ya feɗe akuyar nan bai san aikinsa ba, kuma kawo masa irin wannan ɓata masa lokaci ne.

Na dubi Alhaji, mutumin da ya girmi mahaifina, wanda ko idonsa ba na iya kallo. Bakina ya ƙi ɗaukar maganar. Na ce, "Alhaji, ya ce fatar ba laifi, sai ɗan gyara kaɗan."

Sau uku ina yin haka. Renzo na zuba faɗa, ni ina zuba wa maganar ruwa kafin ta isa. A na uku Alhaji ya ajiye carbinsa.

"Habibu, ni ba yaro ba ne. Mutum na jifa da fatata kana ce mini yabo yake yi?" Ya miƙe ya gyara babbar rigarsa. "Faɗa masa mun gode. Ba a wulaƙanta ni a ofishina."

Ni kuwa na san abin da Alhaji bai sani ba. Makonnina na farko a gidan Marta na ɗauka auren nan ya kusa mutuwa. Kullum sai sun yi musu a kan gishirin miya ko ɗinkin takalmi, kowa na katse kowa, ni kuwa in sunkuyar da kai. Wata rana wani baƙo ya shigo shagon, ya yaba kowane takalmi da murmushi, ya fita. Na yi wa tsohon murna. Ya ce, "Wannan ba zai dawo ba. Mai saye shi ne wanda ya tsaya ya kushe." Daga ranar na lura cewa a wurinsu wanda aka ɗauka da muhimmanci shi ake yi wa gardama. Ba a koya mana wannan a aji ba.

Ke nan Renzo saye ya zo yi, ni kuma na hana Alhaji damar kare kayansa. Na tattaro ƙarfin halin da ban san ina da shi ba.

"Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, laifina ne. Ɓoye maka na yi. Cewa ya yi mai fiɗar bai san aikinsa ba. Amma wallahi da ba ya so, da tuni ya yaba ya tafi. Jira yake ka mayar masa."

Alhaji ya koma ya zauna. Ya naɗe hannun riga, ya jawo fatar.

"Faɗa masa wannan ba wuƙa ba ce, ƙaya ce. Akuyarmu a daji take kiwo, ba a ɗaki ba. Ya juya bayan fatar ya gani ko ta ratsa. Kuma ka faɗa masa tun kafin ya iya ɗaura takalmi nake jima."

Na faɗa, ban rage ko kalma ba. Renzo ya juya fatar, ya kai ta kusa da fitila, ya yi dariya. Ya ce wannan dai ƙaya ce, amma tabon fata ta bakwai wuƙa ce, ko a gaban alƙali. Alhaji ya duba ya ce ya yi gaskiya. Suka shafe fiye da awa suna ja-in-ja, ni a tsakiya ina fassarawa. A ƙarshe Renzo ya ware kashi ɗaya ya ce a mayar, ya sa hannu a kan sauran.

Na zaci za a yaba mini. Muka yi la'asar, muka sauka cin abinci a unguwar Xiaobei. Sai da aka kawo shayi ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Na san kunya ce ta sa ka. Amma kunyarka ta kusa raba mutum ashirin da abincinsu. Daga yau ko zagina aka yi, ka kawo mini shi yadda yake. Ni zan zaɓi wanda zan haɗiye."

Na ji zafin maganar, don har ga Allah girmama shi nake nufin yi. Na daɗe kafin in yarda cewa raina shi na yi, tunda na yanke masa abin da zai iya ji. Na je Italiya na koyo halin mutanen can, na dawo ban gama sanin na maigidana ba.

Shi ya sa duk wanda aka ba ni in koya wa tafinta a ofishin nan, ba na fara tambayarsa kalmomi nawa ya sani. Nakan faɗa masa magana mai ɗaci in ce ya kai wa Alhaji, ni kuma in tsaya a bakin ƙofa in ji da me ya isa.